Ƙibar da aka sauke ta dawo: mi ya jawo, kuma ta ina za a sake kamawa?

Akwai abin da mutane da yawa ke fama da shi a garin nan na Katsina amma ba su cika faɗa ba, sai dai tela ya sani. Mutum zai dage wata uku ko huɗu, ya bar shinkafa ya bar lemo, kullum da asuba yana zagaye filin wasa na Karkanda, ya sauke kilo takwas ko goma har ya kwashi kayanshi ya kai a rage mashi, kowa na cewa kai wane ka koma saurayi, to kafin shekara ta zagayo sai ka ganshi ya koma wajen telan nan dai yana tambaya ko akwai sauran yadi a ciki da za a buɗe. Mata ma haka, wata bayan yaye ta yi ƙoƙari jiki ya sauka, sai biki ya zo, Sallah ta zo, wani cikin ya shiga, shikenan komai ya dawo har da ƙari.

Abin da ya fi damuna ba dawowar ƙibar ba ce, hukuncin da mutum ke yanke ma kanshi ne bayan ta dawo. Wani ya ce ni ba ni da zuciya, ba na iya riƙe bakina. Wata ta ce ni jikina ne haka, ko ruwa na sha sai ya zama kitse, gara in haƙura. Duka biyun suna kai mutum wuri ɗaya ne, ya daina hawa sikeli, ya daina zuwa awon jini, sai ranar da jiri ya kwashe shi a kasuwa a ce mashi hawan jini ne ko suga. Alhali abin da ya same shi shi ke samun mafi yawan masu rage ƙiba a duniya, kuma likitoci sun daɗe da gano dalilinshi.

Jikin ɗan Adam bai san kana rage ƙiba don lafiya ba. Abin da ya sani kawai ajiyarshi na raguwa, kuma a wajenshi wannan alamar fari ce, don haka sai ya fara kare kanshi. Kitsen jiki yana fitar da wani sinadari da ake kira leftin, an gano shi a 1994 a Amurka, aikinshi ya riƙa shaida ma ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, a kwantar da hankali. In kitse ya ragu shi ma sai ya ragu. Akwai kuma wani da ciki ke fitarwa mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, shi ne mai tada yunwa, shi kuma in ka rame sai ya ƙaru. A 2011 wasu likitoci a Melbon ta Ostireliya suka ɗauki mutum 50 masu ƙiba suka sa su a tsarin abinci mai tsanani na sati 10, suka sauke wajen kilo 13 kowanne in aka yi matsakaici, sai aka ci gaba da auna jininsu, har bayan shekara guda sinadaran nan ba su koma yadda suke ba, yunwar da suke ji ta fi ta kafin su fara. Shekara guda fa. Wato lokacin da kai kake ganin ka gama, ka ci nasara, shi jikin bai ma fara haƙura ba.

Wani lissafi da masu bincike a Amurka suka fitar a 2016 ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya sauke, sha'awar cin abincinshi na ƙaruwa da kusan kalori 100 a rana, kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. In ka sauke kilo takwas kenan jiki na neman ƙarin abin da ya kai cikakken kwanon abinci kullum, kuma ba zai zo maka a matsayin kwaɗayi da za ka gane ba, a'a, malmalar tuwo ce za ta ɗan ƙara girma, lomar ƙarshe ta zama ba ta ƙarshe ba, ka riƙa tsayawa wajen mai tsire a hanyar gida sau biyu a sati maimakon sau ɗaya. A gefe guda kuma abin da jikin ke ƙonawa ya ragu, domin ƙaramin jiki bai cin mai kamar babba, sannan in an rame da gaggawa ba kitse kaɗai ke tafiya ba har da tsoka, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka sauke ba kitse ba ne. Akwai wata gasar rage ƙiba da aka yi a talabijin a Amurka, masu bincike suka bi mutum 14 daga cikin 'yan gasar har shekara 6. Sun sauke wajen kilo 58 a matsakaici, wajen kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da abin da ya kamata mai girmansu ya ƙona a rana. Waɗannan mutane ne da duniya ta shaida sun iya wahala, ba wanda zai ce masu ragwaye.

To abin kamar jan guga ne a rijiya mai zurfi, ka jawo ta cike har ta kusa baki, in ka saki igiya komawa za ta yi, ba don ba ka iya ja ba sai don nauyin na nan yana jan ta ƙasa.

Nan ne nake ganin matsalar tsarin da yawancinmu ke bi. Kusan duk dayet ɗin da ake yawo da shi a WhatsApp yana da ranar gamawa. Kwana 21, kwana 30, kafin bikin wance, kafin Sallah. Ba tuwo ba shinkafa ba biredi, sai kokwamba da dafaffen ƙwai da ruwan lemon tsami da safe. A satin farko kilo biyu ko uku za su zube mutum ya ji daɗi, amma yawancin wannan ruwa ne, saboda sitacin da jiki ke ajewa a hanta da tsoka kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram uku, in ka bar cin tuwo ajiyar ta ƙare ruwan ya fita, ranar da ka koma ma tuwo kuma ruwan ya dawo cikin kwana biyu. Kuma wa zai iya rayuwa a gidan Bahaushe ba tuwo har abada? Tukunya ɗaya ake ɗorawa, da ita za a ci da yara da maigida da baƙi. Tsarin da ya ce sai an yi maka girki daban kullum, da kayan da sai an je babban kanti a GRA, ranar da kuɗi suka yanke ko uwargida ta gaji ya mutu.

Sannan ga mu da bakinmu. Namiji ya aje tumbi a ce Alhaji kuɗi sun zauna. Mace ta rage jiki ta je gidan suna, tun daga zaure za a fara, ke lafiya kuwa kika rame haka, ko maigidan ne ba ya kula da ke, ko kishiya za a yi maki. Gwaggo ta turo kwano gabanta ta ce ci ɗiyata, ki maida jikinki. Ba da mugunta ake yi ba, ƙauna ce, amma macen da ta sha wannan tambaya sau goma a wuni ɗaya da wuya ta koma gida da ƙarfin gwiwar da ta fito da shi. Har yau ma akwai 'yan matan da ke sayen sha-ka-fashe a kemis don su yi jiki kafin aure, wanda in ka duba yawanci deksametason ne ko maganin buɗe ciki, abin da ke kumbura fuska ya jawo suga da hawan jini. A irin wannan gari mai rage ƙiba yana faɗa ne da jikinshi kuma yana ba dangi haƙuri a lokaci guda.

Kafin in shiga yadda za a sake farawa, akwai abin da nake so duk wanda jikinshi ya dawo ya riƙe: wahalar farko ba ta tafi a banza ba. A Amurka an yi wani babban bincike kan mutane sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiya minti 150 a sati, kamuwa da suga a cikinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Aka ci gaba da binsu, da yawansu nauyin ya ɗan dawo, amma bayan shekara 10 har lokacin kamuwarsu ta yi ƙasa da kashi 34 cikin ɗari in aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba. Watannin da ka yi jikinka na da sauƙi, zuciya da gwiwoyi sun huta a cikinsu, wannan riba ce da ta riga ta shiga.

To ta ina za a kama? Ni a ganina kada a fara da ragewa. A fara da tsayar da hawan. Sati biyu ko uku, burinka kawai sikeli ya tsaya inda yake, kana cin abincinka sau uku ba tare da azabtar da kai ba, kuma a cikin wannan lokacin ka zauna ka binciki abin da ya faru tsakaninka da Allah. Ƙiba ba ta dawowa rana ɗaya, akwai inda zaren ya fara warwarewa. Wani canjin wajen aiki ne, da yana takawa daga Rafin Daɗi zuwa kasuwa yanzu ya sayi mashin ko masallacin unguwa a kai yake zuwa. Wani sanyin hunturu ne ya hana shi fitar asuba, sanyi ya wuce zafi ya shigo bai koma ba. Wata rasuwa aka yi mata, ko damuwar gida ta yi yawa, abinci ya zama shi ne kawai abin da ke sanyaya mata rai da dare. Wani kuma majalisa ce. In ba ka gano naka ba, ko ka sake sauke kilo goma ta wannan ƙofar dai za su sake shigowa.

Bari in tsaya kan majalisar nan don ita ce ke cin maza da yawa ba su sani ba. An ci tuwon dare a gida bayan Magariba, an yi Isha'i, sai a fito teburin mai shayi. Tsaya ka kalli yadda ake haɗa kofi ɗaya mai kauri: madarar gwangwani rabi ko ma guda, Milo cokali biyu ko uku, sukari a kai, a ɗaga kofi sama a yi ta juyewa har ya yi kumfa, ga biredi an tsaga an shafe da bota, ga indomi biyu da ƙwai biyu ana soyawa, man da aka tsiyaya a kaskon daga gora ba wanda ya auna shi. Wannan ba ɗan taɓawa ba ne, cikakken abinci ne na huɗu, wani lokaci ma ya fi tuwon da aka ci a gida nauyi, kuma ƙarfe goma sha ɗaya na dare aka ci aka je aka kwanta. Mutumin zai rantse maka shi ba ya cin abinci da yawa, kuma gaskiya yake faɗa a zuciyarshi, don bai lissafa wannan a abinci. Ba sai ka bar majalisa ba, zumunci ne, amma kana iya zama da baƙin shayi ba sukari ko mai ɗan kaɗan, ka bar indomin ta zama ta ranar da ba ka ci tuwo ba.

Shi ya sa nake ba da shawarar rubutawa. Kwana bakwai, duk abin da ya shiga baki a rubuta a waya ko a takarda, har gyaɗar da aka saya a go-slow, har ragowar abincin yara da uwa ke ƙarasawa don kada a zubar, har ɗanɗanon miya. Ba don a ji kunya ba, don a ga inda abin yake.

Wasu kuma kafin komai asibiti ya kamata su fara zuwa. In nauyi ya hau da sauri cikin 'yan kwanaki, ƙafafu sun kumbura, in ka danna yatsa wurin ya lotsa, ga haki in an kwanta, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne ke taruwa, yana iya zama zuciya ko ƙoda. Musamman mai jego, domin ciwon zuciya na bayan haihuwa yana da yawa a Arewa, duk wadda ta ga kumburi da numfashi sama-sama a cikin watannin jego kada ta tsaya shan jiƙo, a kai ta asibiti a ranar. Akwai kuma magungunan da ke sa ƙiba da kansu, irin su firedinisolon da ake ba masu asma ko ciwon gaɓoɓi, insulin, wasu magungunan farfaɗiya da na ƙwaƙwalwa, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku ga wasu matan. Ba a daina su da kai, a koma wajen likitan da ya rubuta a gaya mashi, sau da yawa akwai madadi. Macen da al'adarta ke rikicewa ga gashi a haɓa ga ƙiba a ciki, ko mai yawan kasala da jin sanyi da bushewar fata, ita ma a duba ta, akwai gwajin da ake yi. Ko ba ka da ɗaya daga cikin waɗannan, awon hawan jini da na suga kafin a fara abu ne mai sauƙi, ana yi a Babban Asibiti da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ƙananan asibitocin unguwa.

Sai awo. Likitoci na raba nauyinka a kilo da tsawonka a mita sau biyu, in ya kai 25 nauyi ya wuce, in ya kai 30 ƙiba ce sosai, misali mai tsawon mita 1.70 da kilo 90 zai samu wajen 31. Amma akwai wanda ya fi wannan sauƙi kuma ya fi nuna haɗari, domin kitsen tumbi shi ne mai jawo suga da ciwon zuciya. Samu igiya ko zare mai kauri, ka tsaya jikin bango a auna tsawonka da ita daga ƙasa zuwa tsakar ka a yanke, ka ninka ta biyu, sannan ka zagaya cikinka da ita ɗan sama da cibiya ba tare da ka shanye ciki ba. In bakin biyu sun haɗu lafiya lau, in sun kasa haɗuwa tumbin ya wuce rabin tsawonka kenan, akwai aiki. Ka rataye igiyar a bayan ƙofa, duk wata ka gwada, tazarar da ke tsakanin bakin biyu za ta gaya maka gaskiya ko a ranar da sikeli ya ƙi motsi.

Buri kuma a sassauta shi. Kada ka ce sai na koma kilo 70 na zamanin samartaka. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin da kake da shi yau ya isa ya sauko da jini da suga, mai kilo 90 kenan yana neman kilo huɗu da rabi zuwa tara, a hankali, rabin kilo a sati ya wadatar. Wanda ya sauke kilo shida ya riƙe shekara biyar ya fi wanda ya sauke ashirin ya maido su kafin wata Sallar.

Abinci kuma a gina shi a kan tukunyar gida. Ka fara da abin sha don nan ne ake samun nasara mafi arha. Lemon roba ɗaya na santilita 50 irin su kola yana ɗauke da sukari wajen giram 50, ƙaramin cokali 12 kenan, kuma wannan shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce a wuni gaba ɗaya, ta ce ma in an tsaya a giram 25 ya fi. Abin sha bai ƙosarwa, ka sha kalori 200 ka zauna ka ci abincinka cif kamar ba ka sha komai ba. Kuma kada a ce ai ni zoɓo nake sha ko kunun aya ko lamurje, na gida ne. Ganyen zoɓo ba ruwanshi, amma duk wadda ta taɓa haɗa na sayarwa ta san yawan sukarin da ake zubawa a bokiti. Fura da nono abinci ce mai kyau, gero ne da nono, amma abinci ce, a sha ta a madadin cin rana ba a bayan cin rana ba, kuma a ce ma mai damawa ta bar sukarin.

Na biyu mai. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko sinadarin gina jiki 4, babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120. Yanzu ka tuna yadda ake zuba mai a garau-garau ko ɗanwake, da ludayi, har sai ya kwanta a gindin kwano. Wake da shinkafar ba su ne matsalar ba, wake ma yana cikin abin da ya fi riƙe ciki, man ne. A koma auna shi da cokali, ɗaya a kwano, a cika da yaji da tumatir da albasa da kabeji ko latas, daɗin na nan. Awara a miya ko a gasa maimakon suya biyu, alale maimakon ƙosai wasu ranakun.

Tuwo kuma ba a kore shi ba, an rage mashi fili ne. Malmala ɗaya madaidaiciya maimakon biyu, miya ta fi yawa, kuma Allah ya hore mana miyar ganye, kuka, kuɓewa, zogale, alayyahu, yakuwa, taushe da kabewa. Kwaɗon zogale ko na rama kafin a taɓa tuwo yana cika ciki, sai dai a lura da ƙuli-ƙuli da man da ake sawa. A kowane ci a nemi abin gina jiki, don shi ke kare tsoka kuma shi ke kashe yunwar nan da na yi bayani, ba sai nama ba tunda kowa ya san tsadarshi yanzu, wake, ƙwai, nono, awara, busasshen kifi duk suna yi. In a faranti ɗaya ake ci da 'yan'uwa, wanda ke da wuya mutum ya san nawa ya ci, to ɗebi naka a ƙaramin kwano. Ma'aunin da Annabi (SAW) ya ba mu a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, kashi ɗaya na ciki abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi, duk mun haddace shi tun muna Islamiyya, aiki da shi ne a kan tabarma ke da wuya.

Azumi na taimaka ma wasu, na Litinin da Alhamis ga lada ga hutun ciki, amma ya danganta da abin da aka yi da Magariba. Binciken da aka tattara kan Ramadan ya nuna yawanci kilo ɗaya zuwa biyu ake saukewa kuma su dawo cikin 'yan makonni bayan Sallah, kuma duk wanda ya ga tiren buɗa-baki, kunu da sukari, ƙosai, soyayyen dankali da doya da ƙwai, lemo mai sanyi, ya san dalili. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, mai ciki, mai shayarwa, mai olsa, kada su shiga wani tsarin ƙin cin abinci sai da shawarar likita.

Motsa jiki shi kaɗai bai cika sauke nauyi da yawa ba, tafiyar rabin awa da sauri kusan kalori 150 ce, lemo ɗaya ya shafe ta. Amma wajen hana dawowa ba kamarshi. Akwai wani kundi da aka buɗe a Amurka a 1994 na mutanen da suka sauke aƙalla kilo 13 suka riƙe sama da shekara, yanzu sun haura 10,000, abin da yawancinsu suka haɗu a kai shi ne motsa jiki kusan awa guda kullum, yawanci tafiya ce kawai, da karya kumallo, da hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a sati. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 zuwa 300 a sati, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Ba sai an yi rajistar jim ba. A zafin Afrilu ba mai iya tattaki da rana a Katsina, don haka bayan Asuba ne ko bayan La'asar sakaliya, ku biyu ko uku a hanyar da jama'a ke bi. Ka sauka daga Napep tun kafin a kai ka ƙofar gida, ka taka zuwa masallacin Juma'a. Matan da fita ke masu wuya, tsakar gida ta isa, zagaye na minti goma bayan kowane cin abinci, tashi-zauna daga kujera sau goma sha biyar, ɗaga galan na ruwa, tsallen igiya in gwiwa lafiya. Sai barci, wanda ke kwana a waya har ƙarfe ɗaya ya tashi Asuba, yunwarshi washegari ta fi ta wanda ya samu awa bakwai, kuma kayan zaƙi zai nema.

Wanda jikinshi ya dawo shi ne kasuwar masu silimin ti, domin ya gaji yana neman gajeriyar hanya. Yawancin shayin nan ganyen filasko ne ko wani abu mai sa gudawa da fitsari, ruwa kake zubarwa ba kitse ba, ga wahalar da ƙoda. An sha kama wasu kayan rage ƙiba a ƙasashe daban-daban da sinadarin sibutiramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin da ba lambar NAFDAC ba a san abin da ke ciki ba kada ya shiga cikinka. Allurar nan kuma da ake ta magana, Ozempic da Wegovy, magani ne na gaske kuma yana aiki, yana rage yunwa ne, amma binciken da aka fitar a 2022 ya nuna waɗanda suka daina sun maido kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke cikin shekara guda. Ga tsada, ga jabu na yawo, don haka ba abin saye a Instagram ba ne, sai likita ya duba ya ga ka cancanta kuma za ka iya ɗorewa.

Wannan karon tun ranar farko ka shirya ma ranar da za ka kauce, don za ta zo, Babbar Sallah na nan da soyayyen nama na sati biyu, bikin ƙanwa na nan da waina da alkaki da dubulan. Ka ci rabonka ranar, washegari da safe ka koma kokonka da wakenka, ba sai ka jira Litinin ko farkon wata ba, kuma ba sai ka yi horon yunwa don ramuwa ba. Ka zaɓi rana ɗaya a sati, da safe bayan ka zagaya kafin ka ci komai, ka hau sikeli guda ɗaya ba ka canzawa, in ba ka da shi a gida akwai a kemis. Ka sa ma kanka iyaka ta kilo biyu sama da inda ka tsaya. In ka ga ka taɓa ta sati biyu a jere, a satin nan za ka ɗauko takardar rubuta abinci ka sake kwana bakwai, ka duba ko lemo ne ya dawo, ko ludayin mai, ko teburin mai shayi.